Waƙar Farko ta Tamsin

Cradley Heath,
farkon Disamba, 1996

'Yata Gaynor,

Ina gaishe ki daga ɗakin girki, inda nake zaune da riguna biyu saboda sanyi. Ina fatan jikinki yana ƙara ƙarfi, kuma kina samun barci ko da kaɗan ne. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwar hagu da ba ta daina mita, da kunnen nan da kika sani. Ki gaishe da mijinki Lachlan.

To, na zama kaka! Gwaggonki Pauline ce ta kawo labarin, don kin san ko wayar gidan nan ta yi kuka har ta gaji ba na ji. Ta yi ta dukan ƙofa kamar gobara ta tashi. Ina buɗewa ta ce, "Kai kurma, an yi maka jika! Mace ce, sunanta Tamsin!" Na fita titi da silifas. Na gaya wa mai kawo madara, na gaya wa matar shagon jarida, na gaya wa wani bawan Allah da ya tsayar da mota yana tambayar hanyar Dudley. Ya yi mini barka, amma ina jin bai samu hanyar daga bakina ba.

Da na dawo na ɗauki biro na yi ta rubuta sunan a bayan ambulan har wuri ya ƙare. Da ban shiga ajin yamma ba bayan an rufe masana'antar sarƙa, da yau sai na roƙi wani ya rubuta mini sunan jikata. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar zama a kan kujerar yara da furfura a kaina.

Na je wurin likita na ce ina so in hau jirgi zuwa Ostiraliya. Ya saurari ƙirjina, ya ce ƙurar da na shaƙa a bakin wuta ba za ta bar ni in yi wannan doguwar tafiya ba. Ban yi masa gardama ba. Tunda ƙafata ba za ta je ba, na tura wakili.

Ki sa ido ga wani ƙunshi. Ƙaramin faifan garmahon nan ne, Waƙar Guduma, kamar yadda mahaifiyarki ta raɗa mata saboda gangar da ke ciki. Shi ne wanda Maureen ta saya kafin a haife ki, ga sunanta nan a tsakiya da rubutun hannunta, don a zamaninmu in za ka kai faifai gidan rawa sai ka sa suna, in ba haka ba ya bi wani zuwa gida. Tun da ta rasu bai fita daga ɗakin nan ba. Na naɗe shi cikin rigar ulu tawa mai kauri don kada sanyin Disamba ya fasa shi a hanya.

Kin san dokar. Shi kika fara ji a duniya, shi ƙanenki Keith ya fara ji, shi 'ya'yan Pauline suka fara ji. Kada a buɗe rediyo a gidan, kada a sa wani faifai, sai Tamsin ta ji wannan. Na san ni da uwarki muka ƙirƙiro dokar, amma ai kowace al'ada wani ne ya fara ta.

Ranar Lahadi da rana na je kulob na saya wa kowa giya. Da na faɗi abin da na aika, abokina Royston ya ajiye kofinsa ya ce, "Wannan waƙar za ka sa wa jaririya? Me ta yi maka?" Shi har gobe a wurinsa babbar waƙar rok ita ce wadda mai jita zai yi ta jan zare har mutum ya manta sunansa. Ɗaya abokin nawa, Des, ya ce duk waƙar da ta wuce minti uku wa'azi ce. Na ce musu, "Ku biyun ba wanda ke da jika, don haka ku sha abin da na saya ku rufe baki."

Ki rubuto ki gaya mini yadda fuskarta ta yi lokacin da ganga ta shigo. Kada ki rage komai.

Mahaifinki mai murna,
Norman


Kalgoorlie,
Janairu, 1997

Baba,

Muna gaishe ka, mu uku. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin ƙirjin, ba kallonsa kawai kake yi a kan taga ba. Ni na warware sosai. Tamsin tana ci, tana kuka, tana ƙiba. Ga hotuna biyu nan. Ka duba goshin, naka ne sak, Allah ya ba ta haƙuri.

Zafi a nan ba a magana. Ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Mun ci abincin Kirsimeti a gaban fanka, mahaifiyar Lachlan ta zo daga Perth ta kwana biyu. Shi kuma yana aikin safe a mahaƙar ma'adinai wannan watan, don haka da yamma yana karɓar ta in ɗan runtsa.

Ƙunshin ya iso, mun gode. Rigar ta ba ni dariya, ta kuma sa ni kuka, don har yanzu tana ƙamshin gida. Maganar faifan, Lachlan ya ce a ɗan dakata tukuna. Za mu yi maganar nan gaba.

Ka gaishe da Gwaggo Pauline, ka ce mata takalman da ta saƙa sun yi kyau, ko da yake sai watan Yuni, in sanyinmu ya shigo, za a iya sa su. Tamsin ta tashi, bari in tsaya nan.

'Yarka,
Gaynor


Cradley Heath,
ƙarshen Janairu, 1997

Gaynor,

Gaisuwa gare ku duka. Na ji daɗi da kika warware. Ina shan maganin. Hoto ɗaya yana kan talabijin, ɗayan kuma yana aljihuna har ya fara tsufa saboda nuna wa mutane. Goshin nawa ne, ban musa ba, amma bakin na Maureen ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, kuma kowane lokaci a wuri ɗaya nake tuntuɓe: "Lachlan ya ce a ɗan dakata tukuna." Na san karatuna na tsufa ne, don haka na kai wa Pauline ta karanta mini ko na tsallake wata kalma. Ta ce ban tsallake komai ba.

Na yi kuskuren faɗin maganar a kulob. Royston ya ce, "Ai magana a fili take. Surukinka yana da tasa waƙar. Wa zai bar wani tsoho daga wata ƙasa ya zaɓa wa 'yarsa?" Des ya ce, "Ƙila ma tuni ya sa mata irin na can, masu ihu kamar an taka musu yatsa." Na ce su daina, amma maganar ta biyo ni gida.

Sau ɗaya na ga Lachlan, ranar aurenku, kuma ban ji rabin abin da ya ce ba. Ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Don haka ki karanta masa wannan, a hankali.

Na san akwai manyan waƙoƙi da yawa. Ni da Royston da Des mun tsufa muna wannan gardama, kuma na yarda wasu na Amurka sun fi tawa zaƙin murya, wasu na London sun fi ta gwanintar jita. Amma ni ga yadda nake auna waƙa. In an sa ta a ɗakin da mutane ke surutu, sai ka ga wa ya ajiye kofinsa. Waƙar Guduma tana farawa da jita ita kaɗai, kamar mutum yana gyaran murya a bakin ƙofa. Sai a yi shiru kaɗan. A cikin wannan shirun duk wanda ke ɗakin ya san abin da ke tafe, amma in ganga ta faɗo sai ya zabura kamar bai sani ba. Na yi aiki a gefen babbar guduma har ta cinye mini kunne, kuma wannan ce kaɗai waƙar da nake ji a ƙirji ko kunnen bai kawo ta ba. A kan wannan shirun na fara kama hannun uwarki.

Ba ina cewa Tamsin ta so ta ba. Keith ma bai so ta ba, ihu ya yi. Abin da nake so shi ne, tunda ba zan ɗauke ta a hannu ba, a ce abin da ta fara ji daga gidanmu ya fito.

In Lachlan bai yarda ba, gidansa ne, 'yarsa ce, ba zan yi fushi ba. Sai dai ku maido mini da faifan. Ba ni da wani abu mai rubutun Maureen da ya kai shi, kuma ɗakin nan ya yi fayau tun da ya tafi.

Mahaifinki,
Norman


Cradley Heath,
ƙarshen Fabrairu, 1997

Gaynor,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau. An yi dusar ƙanƙara, ta narke.

Ban ji daga gare ki ba. Mai kawo wasiƙu yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in fito cikin sanyi. Pauline ta ce ta yi miki waya kin ce kowa lafiya, amma da ta taɓo maganar faifai sai kika ce madara tana kan wuta.

In wasiƙata ta baya ta yi tsauri, ki yi haƙuri. Wanda ya koyi rubutu da girma bai san nauyin hannunsa ba. Ban je kulob ba Lahadi biyu, don ba na son ganin fuskar Royston ta "ai na faɗa".

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Babanki


Kalgoorlie,
Maris, 1997

Mista Tromans,

Lachlan ne. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ƙirjin da gwiwar suna lafawa. Gaynor da Tamsin suna lafiya. Ni ba marubuci ba ne, babbar mota nake tuƙawa, amma Gaynor ta ajiye mini takarda da biro ta ce ba zan ci abinci ba sai na cika ta.

Ban ƙi waƙarka ba. Na lalata faifanka ne.

Ranar da ƙunshin ya iso ni na karɓo shi, muna kan hanyar kai Tamsin awo. Na ɗora shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, muka shiga asibiti. Layi ya yi tsawo. Da muka fito sitiyari ma ba ya taɓuwa. Na kwance rigar ulun, sai ga faifan ya lanƙwashe kamar soyayyen dankali. Gaynor ta zauna a bakin titi ta yi kuka. Ni da ƙasa ta tsage da na shige.

Na ce mata kada ta gaya maka, zan gyara. Na danne shi da littattafai, na danne shi da tukunyar gas. Ya ɗan miƙe, amma tudu ɗaya ya ƙi kwanciya. In na sa shi a garmaho, lokacin da yarinyar ba ta gidan, allura tana isa tudun sai ta yi tsalle kamar kwaɗo ta faɗa tsakiyar waƙa.

Wani abokina ya samo mini irinsa a wani shagon tsofaffin kaya a Perth. Na kawo shi da murna, Gaynor ta ce, "Ina sunan Mamata?" Sai na zauna a gareji ina koyon rubutun marigayiyar. Ta same ni na cika takarda da "Maureen", ta ce, "Kai, Lachlan, in ka kuskura ka sa biro a faifan nan, a garejin za ka ƙare rayuwarka."

Amma dokarka tana nan, ba a karya ta ba. Tun da aka kawo Tamsin gida ba a buɗe rediyo ba. Na cire wayarsa na ɓoye don kada hannuna ya manta. Gasar ƙwallon kurket ta bana a motar maƙwabci na saurare ta, a ƙarshen layi, da gilasai a rufe cikin wannan zafi. Da mahaifiyata ta fara rera wa yarinyar wani abu na ce ta yi shiru, har yau ba ta gama hucewa ba. Mai motar askirim ma na tare shi na roƙe shi ya riƙa kashe kiɗansa in ya shigo layinmu. Yanzu yaran unguwa ba sa gaishe ni.

Na karanta abin da ka rubuta game da shirun nan kafin ganga. Ni dai a ganina akwai wata waƙar 'yan ƙasarmu da ta fi ta, ba zan yi maka ƙarya a kan wannan ba ma. Amma ban taɓa niyyar sa tawa a gaban taka ba.

Ka faɗi abin da za a yi. In ka ce a maido shi haka, zan maido. In ka ce ba ka son ƙara jin sunana, na fahimta.

Surukinka mai laifi,
Lachlan


Cradley Heath,
ƙarshen Maris, 1997

Ɗana Lachlan,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka da 'yarka. Lafiyata ta fi ta kowane lokaci a bana. Da farko, ka daina ce mini Mista. Mai karɓar haraji ne kaɗai ke kirana haka.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa. Da na kai wurin dankali sai da na nemi kujera, ba zan ɓoye maka ba. Da na kai wurin mai askirim kuwa na yi dariya har tari ya kama ni, maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wane irin mutum ne zai naɗe faifai da rigar ulu ya aika ƙasar da ake toya ƙwai a kan mota a watan Disamba? Ni ne. Gaynor ta sha gaya mini cewa lokacin sanyinmu shi ne bazararku, amma hannuna bai taɓa yarda ba. Kai ka sa shi a tanda, ni na lulluɓe shi don ya gasu da kyau. Mu biyu muka dafa shi.

Na koma kulob ranar Lahadi na karanta musu. Royston ya ce, "Wata uku ba rediyo? Saboda kai? Ko ɗan cikinka bai yi maka haka ba." Des ya ce a kawo maka giya a ajiye a kan tebur, sannan ya shanye ta a madadinka. Sun ce in tambaye ka sunan waƙar taka don su san abin da za su zaga.

Yanzu ka buɗe ƙaramar takardar da na manna a ƙasa. Tsohon sisi ne, irin wanda aka daina karɓa. A zamaninmu in ana rawa a ɗaki mai daɓen katako, allura tsalle take yi duk lokacin da ƙafafu suka sauka. Sai a ɗora sisi a kan hannun garmaho, daidai saman allura, a manne shi. Nauyinsa ya isa ya riƙe ta a hanya. Wannan na Maureen ne, a cikin murfin garmahonmu yake zaune. Ka gwada. Masana za su ce yana cin faifai. Bari ya ci, ai ba don a ajiye aka yi shi ba.

Wanda aka samo maka a Perth ka riƙe shi, na yau da kullum. Amma na farko, mai tudun za a sa. In ya ƙi duk da sisin, ka ɗora yatsa a hankali ka raka allurar ta haye. Kai za ka yi, ba Gaynor ba. Ita ta riƙe yarinyar.

Kada ku maido shi. Na Tamsin ne yanzu. In an gama, ka sa taka waƙar, ka kuma je ka ba mahaifiyarka haƙuri.

Baba Norman


Kalgoorlie,
Afrilu, 1997

Baba,

Muna gaishe ka, kowa lafiya. Zafi ya sauka. Tamsin ta fara juyawa da kanta.

An yi! Ranar Asabar da safe. Lachlan ya yi wanka ya sa rigar da ya sa ranar aurenmu, ya manna sisin. Na zauna a kujera da ita a cinya. Jita ta fara. Muna kallon tudun yana zagayowa kamar muna kallon mota za ta haye gada mai rauni. Allura ta hau, ta sauka, ba ta bar hanya ba. Muryar mawaƙin tana ɗan lilo a kowane zagaye, kamar yana waƙa a cikin kwalekwale, amma komai yana nan.

Ka ce kada in rage komai, to ga shi. A wurin shirun ta daina tsotsar hannu. Da ganga ta faɗo ta ware idanu, ta haɗe wannan goshin naka, ta kalle ni kamar ni na buga. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, don na ga Mama a bakin murhu tana buga cokali a gefen tukunya.

Da waƙar ta ƙare na ce, "To malam, an sake ka. Ɗauko taka." Tun daren Juma'a ya fito da ita ya goge ta, tana jingine a gefen garmaho. Ya miƙe, ya tsaya yana kallon su biyun. Sai ya ɗaga hannun allurar ya maida shi farkon naka.

Na ce, "Lachlan, me kake yi?"

Ya ce, "Sisin nake gwadawa."

Baba, har lokacin abincin rana ya yi yana gwada sisin.

'Yarka,
Gaynor